Garin Neman Gira: Gaskiya Da Camfi Kan Man Goge Dashbod A Hanyar Tsarnawa

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram ya san Tsarnawa. 'Yan kilomitoci ne gabas da Birnin Konni, kuma a nan ne hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa, ta ratsa Badagishiri a gundumar Illela. Manyan motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza suna wucewa ta nan, haka ma motocin haya da ƙananan motocin 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Konni da Illelar jihar Sakkwato.

Inda motoci ke tsayawa kuwa, ba a rasa masu wanki. Idan yaro ya gama wanke jikin mota ya share ciki, tambayar ƙarshe kusan ɗaya ce a ko'ina, daga Konni har Kano: "Alhaji, a sa mai?" Idan aka ce a sa, sai ya fito da gwangwani ko wata 'yar gora, ya fesa a kan allon gaban mota, wanda a Najeriya ake kira dashbod, a Nijar kuma a ce tablo. Nan take allon ya yi baƙi wuluk yana sheƙi, ƙamshi ya cika motar, mai mota ya biya yana murmushi.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan sheƙin shi ne kariya daga rana. Wasu kuma sun rantse cewa man ne ke fasa dashbod. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma dukkansu sun bar babban mai laifin, wato zafi. Akwai kuma wata illa ta sheƙin da ta fi tsagewar roba muni, ita ce abin da yake yi wa idon direba.

Me ke fasa dashbod?

Abin da ake gani kamar fata a saman dashbod, a mafi yawan motoci roba ce. A tsofaffin motoci, irin waɗanda suka cika hanyoyinmu, sau da yawa ana yin saman ne da robar PVC, a shimfiɗa ta a kan soso, a ɗora a kan ƙashi mai tauri. Ita PVC a asalinta tauri ne da ita, irin na bututun ruwa. Don ta yi laushi, masana'anta kan cakuɗa ta da wani sinadari mai kama da mai tun lokacin haɗawa.

Wannan sinadarin ba ya zama har abada. Duk lokacin da robar ta ɗauki zafi, yakan fita kaɗan-kaɗan ya bi iska. Wani ɓangarensa shi ne hazon nan mai maiƙo da ke taruwa a cikin gilashin gaba ko da ba a taɓa shi ba. Bayan shekaru, robar ta bushe ta yi tauri. Da rana ta buɗe, da dare ta tsuke, har wata rana ta tsage, galibi daga gefen ramin iska ko na lasifika. Sababbin motoci da yawa sun koma wasu nau'o'in roba da ba su dogara da wannan sinadarin ba, amma su ma zafi da hasken rana na cin su a hankali.

Wane irin zafi ake magana? Masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona da Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka sun auna, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun ajiye motoci a rana a ranakun da zafin gari ya kai kusan digiri 38 a ma'aunin Salshiyas. Bayan awa ɗaya, dashbod ya kai kimanin digiri 69, sitiyari 53, kujeru 51, iskar cikin motar kuma 47. Motocin da aka ajiye a inuwa, dashbod ɗinsu ya tsaya a kimanin digiri 48.

Bambancin digiri 21 ke nan, kuma ba a kashe ko dala ba. A yankin Konni, zafin watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 ko ya wuce, wato ya ɗara wanda aka yi wannan gwajin a cikinsa. Babu wani mai da za a fesa da zai sauke zafin roba da digiri 21.

Camfi na farko: Sheƙi shi ne kariya

Yawancin man feshin da ake sayarwa, silikon ne ke ba shi sheƙi. Yana kwanciya a saman roba ya cike ƙananan ramukanta, sai haske ya riƙa dawowa kamar daga madubi. Wannan ado ne kawai. Akwai nau'o'in da ake ƙara musu sinadarin tare hasken UV, wato hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona fata ya kuma koɗar da launi. Amma ƙarfin sheƙi ba ya nuna ko sinadarin yana ciki ko babu. Akwai mai ƙyalli kamar me da babu kariyar komai a cikinsa, akwai kuma wanda ba ya ƙyalli sam amma yana da ita.

Ko wanda ke da ita ma, shafi ne siriri da ke gushewa da gogewa da zafi, sai an riƙa maimaitawa. Sannan akwai abin da masu talla ba sa faɗa: gilashin gaban mota ya riga ya tare mafi yawan hasken UV. Gilashi biyu ne aka manne da 'yar roba a tsakiya, shi ya sa idan ya fashe ba ya warwatsewa, kuma wannan robar tana shanye hasken. Wani bincike da wani likitan ido ya wallafa a Amurka a 2016, bayan ya auna motoci 29, ya nuna gilashin gaba yana tare kimanin kashi 96 cikin 100 na nau'in hasken da ake kira UVA, gilasan gefe kuma kimanin kashi 71.

Abin da ke ratsa gilashi ba tare da shamaki ba shi ne hasken da ke kawo zafi, kuma baƙin dashbod yana shanye shi. Saboda haka mai na iya taimakawa kaɗan wajen rage koɗewar launi, amma ba ya hana robar gasuwa.

Camfi na biyu: Man feshi ne ke fasa dashbod

Wannan zancen ba a nan aka fara shi ba. A Amurka an daɗe ana danganta shi da Armor All, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1970, kuma har gobe masu mota a can suna gardama a kai. Shi dai wannan man, silikon ne da aka narkar a cikin ruwa.

Yadda zargin ke samun gindin zama ba shi da wuyar ganewa. Mutum ba ya tunanin shafa wa dashbod wani abu sai ya ga ya fara bushewa ya yi fari-fari. A lokacin robar ta riga ta tsufa. Ya shafa, bayan wata uku ta tsage, sai ya ɗora laifin a kan abu na ƙarshe da ya taɓa ta.

Akwai shaidar da ke nuna dashbod na lalacewa ko ba a shafa masa komai ba. A ƙarshen 2014, kamfanin Toyota ya sanar da shirin sauya dashbod kyauta ga miliyoyin motoci a Amurka, bayan ƙorafe-ƙorafen cewa yana tsagewa ko yana narkewa ya yi danƙo saboda zafi da laima. Cikin motocin akwai Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda ake yi wa laƙabi da Muscle a Najeriya, da Sienna da Avalon da wasu ƙirar Lexus. Irin waɗannan motoci da dama sun ƙare a kasuwannin Afirka ta Yamma. Idan dashbod ɗin motarka yana kama yatsa kamar an zuba masa zuma, ba lallai ne laifin mai wanki ba ne, kuma ƙara fesa mai ba zai gyara shi ba.

Sai dai zargin bai zama ƙarya gaba ɗaya ba. Ba kowane gwangwani ne ake haɗawa da ruwa ba. Akwai waɗanda ake narkar da silikon ɗinsu a cikin sinadarai dangin fetur, musamman waɗanda aka yi don sa tayoyi su yi baƙi. Irin waɗannan sinadarai suna iya janye man da ke tausasa PVC. A kasuwannin kan iyaka, inda ake samun gwangwanaye masu rubutun Faransanci da Turanci da Larabci da Sinanci a shago ɗaya, ba kowa ke tsayawa ya bambance na taya da na cikin mota ba.

Camfi na uku: Roba na shan mai

Mun saba da fata. Takalmi ko sirdi ko jakar fata idan ta bushe, aka shafa mata mai, sai ta yi laushi. Wannan fahimtar ce aka ɗauko aka kai kan dashbod, shi ya sa ake ganin masu shafa masa basilin, man gyaɗa, man inji, gas ɗin mota, har da man birki.

Roba ba ta da ƙofofin da fata ke da su. Man da aka shafa yana zaune ne a sama, kuma sinadarin da ya fita daga cikin robar ba ya komawa ta hanyar shafi. Man inji da gas dangin fetur ne, suna iya ƙara busar da robar bayan sheƙin ya gushe. Man gyaɗa yana yin ɗoyi a cikin zafi. Man birki kuwa shi ne mafi muni, domin ko a kan fentin mota ya zuba yana cinye shi, duk wani makanike ya san haka.

Sannan ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe yankin nan duka. Dashbod mai maiƙo yana kama ta kamar tarko. Kafin a kai Madawa daga Tsarnawa, sheƙin ya koma laka. Ƙurar tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi masu kaifi, don haka idan aka sa busasshen tsumma aka goge da ƙarfi, kamar an sa takardar yashi ne. Abin da ya fi saurin nuna tabo shi ne murfin agogon gudu, wanda shi ma roba ce mai haske: yana yin zane-zane har ya koma dishi-dishi.

Inda abin ya shafi rai

Da gangan masu ƙera mota ke yin saman dashbod da launi mai duhu, marar sheƙi, mai ɗan gautsi. Dalili shi ne gilashin gaba yana karkace ne a kansa, kuma duk hasken da ya tashi daga dashbod yana bugun cikin gilashin ya dawo idon direba. Idan aka mayar da dashbod madubi, sai hotonsa ya bayyana a gilashi kamar farin mayafi tsakanin direba da titi.

Yanzu a dubi yadda babbar hanyar take. Daga yamma ta taso ta nufi gabas. Wanda ya tashi daga Konni da safe zai je Galmi ko Maraɗi, rana na gabansa. Wanda ya juyo da la'asar zai nufi Dogon Dutsi da Dosso, ita ma rana na gabansa. A kan wannan titin akwai amalanken jaki da na shanu, akwai babura, akwai awaki, akwai yara masu talla a bakin kasuwanni. A gudun kilomita 90 a awa ɗaya, mota na cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu da direba ya yi yana ƙifta ido yana neman titi, ya ci mita 50 ba tare da ya ga abin da ke gabansa sosai ba. Idan kuma aka haɗa da hazon hunturu, abin ya ƙara muni. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Da dare matsalar na sauya kama. Feshin da ya fantsama a cikin gilashi, da tururin da zafi ke tayarwa daga man, suna barin maiƙo. Fitilar babbar mota na haskowa, sai hasken ya bazu a gilashin duka.

Haka kuma akwai santsi. Masu wanki da yawa idan suka gama da dashbod, da tsumman nan suke bi ta kan sitiyari da sandar giya, wani lokaci har robar birki da totur da tabarmar ƙasa. Kamfanonin da ke yin man da kansu suna rubuta gargaɗi a jikin kwalbar cewa kada a sa shi a kan sitiyari da abin takawa da duk inda santsi zai zama haɗari, har da kujerar babur da tayoyinsa. Gargaɗin yana nan da ƙananan haruffa, cikin harshen da mai fesawar ba lallai ne ya iya karantawa ba.

Shi kansa gwangwanin abin tsoro ne. Yawancinsu iskar gas mai kama wuta ce ke tura man waje, kuma a jikinsu an rubuta kada a bar su a zafin da ya wuce digiri 50. Mun ga dashbod na kaiwa 69 cikin awa ɗaya. Duk da haka, a nan ne wasu direbobi ke ajiye gwangwanin, tare da turaren feshi da laita da waya da batirin caji. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce kada a ajiye wayarsa a zafin da ya wuce digiri 45.

Shimfiɗar kan dashbod fa?

Direbobin haya sun daɗe da gano wani abu da ya fi man feshi amfani: shimfiɗa darduma ko yadi mai gashi a kan dashbod. Tana tare rana, tana kashe ƙyalli idan launinta mai duhu ne, tana kuma rufe tsagewar da ta riga ta faru. Amma a kula. A motoci da yawa, jakar iska ta fasinjan gaba tana ɓoye ne a ƙarƙashin dashbod, kuma idan aka yi karo tana fasa murfinta ta fito cikin ƙiftawar ido. Shimfiɗa mai kauri da aka manne da gam ko aka ɗaure da ƙusa tana iya hana ta fitowa daidai, kuma duk wani abin ado mai tauri da aka ɗora a wurin zai iya zama makami a fuskar fasinja. A yanke wa shimfiɗar ƙofa a daidai wurin, kada kuma ta toshe ramukan iskar da ke busa gilashi.

Abin da ya kamata a yi

Na farko inuwa. Rumfa, gindin dogon yaro, ko gawo, wanda Allah Ya yi shi da ganye a lokacin rani. Idan babu inuwa, a juya bayan motar wajen rana, a rufe gilashin gaba da marufin nan mai ruwan azurfa. Ko kwalin taliya aka buɗe aka jingina, ya yi aiki. Sassauta gilashin gefe kaɗan ba ya wadatarwa: wani bincike na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2005 ya nuna hakan bai rage saurin hawan zafi a cikin mota yadda za a ce ya yi tasiri ba. Wannan kuma ya isa dalilin da ba za a taɓa barin yaro a cikin mota a rufe ba, ko da na minti biyar ne.

Na biyu tsafta. A fara kaɗe ƙura da burushi mai laushi, sannan a goge da tsumma mai laushi da aka jiƙa aka matse. Idan akwai maiƙo, ɗigon sabulu marar ƙarfi a ruwa ya isa, a biyo da tsumma mai ruwa zalla. Garin wanki mai ƙarfi da bilic da fetur ba wurinsu ba ne. Man wanke hannu mai sinadarin barasa ma yana cin saman roba da fata, kamar yadda injiniyoyin kamfanin Ford suka yi gargaɗi a 2019.

Na uku, idan har ana son a shafa wani abu, a nemi wanda aka yi don cikin mota, aka haɗa da ruwa, wanda ba ya ƙyalli. Irinsa yakan zo fari kamar madara. A zuba a tsumma maimakon a fesa kai tsaye, a gwada a wani lungu, a shafa lokacin da dashbod ya huce, sannan a goge ragowar har sai yatsa ba ya jin maiƙo. Kada ya taɓa sitiyari, birki, totur, gilashi ko allon rediyo. Wanda ke shirin kai motarsa fenti kuma ya nisanci feshin silikon, domin ɗan kaɗan ɗinsa idan ya sauka a jikin mota yana sa sabon fenti ya yi ramuka-ramuka kamar idon kifi.

Dashbod ɗin da ya riga ya tsage, babu man da zai haɗe shi. Ko a rufe, ko a sauya. Sauyawar kuma aiki ne babba, domin sai an kwance sitiyari da wayoyin lantarki da jakar iska. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano da Gaya sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da wahala. Wannan ya ƙara wa rigakafi daraja.

Ga 'yan ci-rani da ke Abijan ko Legas ko Turai ko ƙasashen Larabawa, masu aiko wa iyaye da ƙanne mota gida: motar da ta yi shekara 15 a ƙasar sanyi, robarta ta riga ta tsufa kafin ta ga ranar Adar. Idan za a haɗo ta da tsaraba, marufin gilashi da kuɗin kafa rumfa sun fi katon ɗin man feshi amfani.

Su kuwa yaran da ke wanki, abin da kwastoma ke so suke yi. Mai mota ne ke leƙa ciki, idan bai ga sheƙi ba ya ce ba a yi aiki ba, ya rage kuɗi. Saboda haka gyaran daga wurinsa zai fara. Ranar da aka sake tambayar ka, "Alhaji, a sa mai?", ka ce a goge da ruwa kawai, a wanke cikin gilashi da tsumma daban, ka kuma biya shi kuɗinsa cif.